Abin da fitar da shafukan Japananci a takarda ya koya mini

Shafin wiki yana samun wani gata da takarda ba ta samu. Idan ka buɗe shi a kwamfuta, manhajar shiga intanet ce ke rufa masa asiri: in harafi ya ɓace a wannan kundin haruffa sai ta aro shi daga wancan, in layi ya yi tsawo ta karya shi inda ya dace, duk ba tare da ka sani ba. Ranar da aka ce ka mai da shafin PDF a buga, duk wannan ɗawainiya kanka take dawowa. A wurin aikinmu akwai wiki na cikin gida da abokan aiki a Japan ke rubuta bayanan kula da injuna, ni kuma aka ɗora mini haɗa su a littafin da za a riƙe a hannu.

Matsalar farko ba ta ɓuya. Ka buɗe fayil ka ga 'yan akwatuna jere a inda rubutu ya kamata ya kasance. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin ƙ da ɗ sun zama akwati a takardar gayyatar biki ya san ciwon, sai dai namu haruffa ne 'yan kaɗan. Japananci kuwa yana da haruffan sauti iri biyu, hiragana 46 da katakana 46, ga kanji, wato haruffan da aka aro daga Sinanci, na amfanin yau da kullum har 2,136 a jerin da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010, ban da na sunayen mutane da garuruwa. Maganin shi ne kundin haruffa mai faɗi irin Noto Sans CJK, wanda Google da Adobe suka fitar a 2014, kuma a tabbatar an cusa shi cikin PDF ɗin kansa. In ba haka ba, fayil ya yi kyau a kwamfutarka, ya je wurin mai bugawa ya watse.

Akwai kuma abin da Japanawa ke kira mojibake, wato rubutu ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomi. Tsofaffin shafuka da aka adana da Shift_JIS ko EUC-JP, wato tsofaffin tsare-tsaren adana haruffan Japananci a kwamfuta, su ne ke jawo shi idan aka karanta su a matsayin UTF-8, tsarin da aka fi amfani da shi yanzu. Wannan ma ido na ganinsa, a juya tsarin a wuce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kuskuren da ba ya ihu. Lokacin da aka tsara Unicode, wato tsarin da ke ba haruffan harsunan duniya lambobi a kwamfuta, an haɗe haruffan da Sinanci da Japananci da Koriyanci suka yi tarayya a kansu, aka ba kowanne lamba ɗaya, alhali kowace ƙasa da yadda take zana shi. Ɗauki 直. A rubutun Japan akwai layi da ke saukowa ta hagu ya lanƙwasa ya bi ta ƙasa, a na ƙasar Sin kuwa layin ƙasan a miƙe yake, babu wannan lanƙwasa. Lambarsu ɗaya. Abin da ke gaya wa kwamfuta wanne za ta zana shi ne ɗan tambarin harshe, lang="ja", kuma manhajar juya shafi tana iya yar da shi a hanya ba tare da ko tari ba. Sai littafi ya fito tsaf, babu akwati ko ɗaya, ni da ba na karanta kanji sosai in ga komai daidai, amma Bajapane yana kallo ya ga rubutun yarensa sanye da kamannin na wata ƙasa. Zai iya karantawa, amma zai gane cewa wanda ya haɗa littafin bai yi tunaninsa ba, kuma wannan abu ne da nake ɗauka da nauyi ƙwarai.

Karya layi ma haka yake. Japananci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, don haka manhajar da ta saba jiran fili kafin ta sauka layi sai ta yi ta tafiya har rubutu ya fice daga gefen takarda, musamman a cikin jadawali. Wadda ta iya karyawa kuma dole ta san ƙa'idar kinsoku: aya 。 da waƙafi 、 da alamar rufe zance 」 ba sa fara layi, alamar buɗe zance 「 ba ta ƙare shi. An rubuta waɗannan ƙa'idoji a ma'aunin Japan mai suna JIS X 4051, W3C kuma, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta yi dogon bayani a kansu a 2009. Saboda wannan na koma ga manhajojin tsara rubutu don bugawa, LuaTeX-ja da upLaTeX, domin waɗanda suka gina su da wannan rubutu suka tashi.

Sai furigana, 'yan ƙananan haruffan da ake ɗorawa a kan kanji don nuna yadda ake furta shi. Idan manhaja ba ta san su ba, sai ta sauko da su cikin layi, 東京 ya zama 東京とうきょう, sunan Tokyo sau biyu a manne. Girman takarda ma yana da tarko, domin B5 na Japan milimita 182 ne da 257, na sauran duniya kuwa 176 da 250.

Yanzu kafin in taɓa babban aiki ina da shafin gwaji guda ɗaya, mai ɗauke da 直, da jimlar da ayarta ke faɗowa daidai bakin layi, da furigana, da jadawali mai matsattsen gurbi. Shi nake fara juyawa duk lokacin da aka sabunta wata manhaja. Bayan nan in buga 'yan shafuka a takarda ta gaske in aika wa abokiyar aiki a Japan ta duba da jan biro, kuma ba na tura littafin wurin bugawa sai gyaranta ya dawo.