Wasiƙa daga Port Sudan a kan Baftismar Mai Bi

Zuwa ga iyaye, dattawa da 'yan'uwa a ikilisiyoyin gida,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya. Ina rubuto muku daga Port Sudan, a bakin Bahar Maliya, inda aiki ya dawo da mu bayan yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Hausawan garin nan, waɗanda da yawansu jikokin mahajjata ne da suka biyo hanyar Makka da ƙafa, Musulmi ne, kuma zaman mutunci muke yi da su. Kwanakin baya wani dattijo a cikinsu, wanda nake shan shayi a rumfarsa, ya tambaye ni ya ce, "Ɗana, wankan nan da na ji kuna yi wa manyanku a teku, me yake wankewa?" Na ce masa, "Baba, ruwan ba ya wanke zunubi. Shaida ce mutum yake bayarwa a bainar jama'a cewa ya riga ya tuba, ya ba da gaskiya."

Na ga wannan shaidar da idona wata safiya, lokacin da ƙaramar ikilisiyar da nake sujada a cikinta ta fita bakin teku. A cikin waɗanda aka yi wa baftisma akwai wata uwa daga Duwatsun Nuba, mai shekara kamar hamsin, wadda ta baro gidanta a Omdurman da kayan jikinta kawai. Fasto ya shiga ruwa har ƙugu, ya tambaye ta da Larabci ko ta gaskata cewa Yesu ya mutu dominta ya kuma tashi, ta amsa da muryar da na baya ma suka ji. Ta toshe hancinta, ya kwantar da ita ta baya cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ruwan ya rufe ta ruf, sa'an nan ya ɗago ta, mata suka rangaɗa guɗa. A nan na fahimci Romawa 6:4 fiye da dā, inda Bulus ya ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma domin mu yi sabuwar rayuwa, gama ba a binne wanda bai mutu ba.

Ƙasar nan ma tana da rabonta a labarin. Ma'ajin da Filibus ya tarar a karusa a Ayyukan Manzanni sura 8 bawan Kandaka ne, kuma Kandaka laƙabin sarauniyoyin Kush ne, waɗanda fadarsu take Meroe, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum. Ku duba yadda abin ya jeru: mutumin yana karanta littafin Ishaya, aka bayyana masa bishara, sa'an nan shi da kansa ya ga ruwa ya nemi a yi masa baftisma. Babu wanda ya tura shi. A kan wannan fahimta wasu masu bi suka yi wa junansu baftisma a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a Janairun 1525, bayan shekara biyu kuma hukuma ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a kogin Limmat.

Na san ba duka muke kan hanya ɗaya ba. Kibɗawan nan, wato Kiristoci mabiya tsohuwar ikilisiyar Masar, suna yi wa jarirai baftisma, namiji bayan kwana 40, mace bayan kwana 80, haka kuma Katolika da Angilikan suna yi wa jarirai, ina kuwa ganin girmansu ƙwarai. Maganata da ku ce, mutanen ikilisiyoyin ECWA da Baftis da EYN da sauran waɗanda suka ce sai mutum ya gaskata tukuna.

Abin da yake damuna shi ne yadda a wurare da dama a gida baftisma ta koma neman kati. Saurayi yana shiga ajin baftisma ne saboda ɗaurin aure ya gabato, uwa kuma tana matsa wa 'yarta mai shekara 12 saboda tsararrakinta sun shiga, yara su haddace amsoshi, dattawa su yi tambaya biyu, a rubuta suna. Ni kaina haka aka yi mini, sai bayan shekaru na san abin da na amsa a ranar. Ina roƙonku, iyayena, ku zauna da kowane ɗan aji shi kaɗai, ku bar shi ya faɗi da bakinsa yadda ya sadu da Ubangiji. Wanda bai shirya ba, a ce masa ya dakata ba tare da an kunyata shi ko iyayensa ba, a kuma ci gaba da koyar da waɗanda aka yi wa baftisma bayan sun fara cin Jibin Ubangiji.

Uwar nan da na ambata tana kwana har yanzu a wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Ku sa ta a addu'a a taron Zumuntar Mata, ita da sauran 'yan'uwa na Sudan.

Naku a cikin Almasihu,
Ɗanku da ke Port Sudan