Talata, bayan darasin ɗakin gwaji

"Amma Malam, ai yana aiki."

Tun da rana maganar nan take yi mini yawo a ka.

Safiyar kam ta yi daɗi. 'Yan aji huɗu sun loda direbansu na farko na Linux (manhajar da ke sarrafa na'ura) da umarnin insmod, suka buga dmesg mai nuna saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux, kowa ya ga saƙon da ya rubuta da printk ya fito daga cikin kanel. Har tafi aka yi a layin baya. Biyu sun kashe injinsu ƙurmus, amma tunda a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, muke komai, sai dariya da sake kunnawa.

Sai ɗalibar da ke zama a bakin taga ta kawo nata. Ta riga kowa gamawa kamar kullum, kuma ya tsallake duk gwajin da na bayar. Ina dubawa sai ga mutex_lock, makullin da ke hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, zaune a cikin aikin da ke amsa katsewar na'ura, wato lokacin da na'ura ta katse kwamfuta don a saurare ta. Na ce ta cire. Nan ta faɗi waccan maganar.

Ba ta yi ƙarya ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Shi mutex, in ya tarar wani ya riƙe makullin, barci yake yi ya jira. Mai amsa katsewa kuwa ba shi da ikon barci, don kutse ya yi a kan aikin wani. In aka yi rashin sa'a wanda ya katse ɗin shi ke riƙe da makullin, to an yi cirko-cirko, inji ya sandare. A gwajinta kullum makullin a buɗe yake, shi ya sa ba a taɓa jira ba. Yana iya yin sati lafiya lau, ranar da na'ura ta cika da aiki ya faɗi ba sallama. Abin da ake so a wurin spin_lock_irqsave ne, makullin da ba ya barci.

Duk wannan na faɗa mata, amma da wace murya? Na ɗaga harshe a gaban 'yan aji, na zabtare maki uku. Ta ce "To, Malam," ta rufe kwamfutarta.

Abokin aikina Injiniya ya leƙo, wai a bar su su sha wuya, haka muka koya. Dokta, wani abokin aikin, kuma ya sake ɗauko zancen mu koma xv6, ƙaramin tsarin koyarwa na jami'ar MIT, tunda layukansa ba su kai dubu goma ba, ɗalibi zai karance shi tsaf, ba kamar Linux da ke tara miliyoyin layuka tun 1991 ba. Yana da gaskiyarsa. Ba yau ba dai.

Da yamma na buɗe saitin kanel ɗin da na haɗa musu da hannuna. CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, saitin da ke gargaɗi in an kira abin da kan yi barci a inda aka hana barci, a kashe yake. Da na kunna shi, kanel da kansa zai yi mata ihu a dmesg tun kiran farko, ta gyara abinta kafin ma ta iso teburina. Ni na toshe bakin mai gargaɗi, sannan na hau yarinya da faɗa don ba ta ji gargaɗi ba.

Na kunna, na sa kanel ɗin yana sake haɗuwa, fankar kwamfutar sai gurnani take. Takardar maki tana gefena. Kuskuren yana nan a aikinta, ba shakka, amma na ɗauki biro sau biyu ina ajiyewa.