Yadda Na Tayar da Fijon Mahaifina Bayan Shekara 11 a Ajiye

Lokacin da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, babu wanda ya nuna sha'awar motar da ke ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu na Zariya, domin ta shekara 11 ba ta motsa ba, tayoyinta huɗu sun sace sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye kuma sun yagalgala kujerar baya. Peugeot 504 ce, wadda kowa ya fi sani da Fijo, fara, ƙirar 1984, da ya saya sabuwa fil yana aikin gwamnati. 'Yan jari-bola sun zo har sau biyu suna taya ta a kan nauyin ƙarfenta. Ni kuwa a cikinta aka fara kai ni makarantar kwana, don haka na roƙi 'yan'uwana a yi mata kuɗi a cire daga rabona, suka amince.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne motar 'yar gida ce. Ko da yake a Faransa aka fara fitar da ita a 1968, har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, tun daga 1975 ake haɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, aka kuma ci gaba da haɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Turai an daina ƙera irin tawa tun 1983. Na yi lissafin cewa motar da ta cika ma'aikatu da tashoshin ƙasar nan shekara 30 ba za a rasa kayan gyaranta ba. Lissafin ya yi daidai a kan injin, amma a kan sauran jikinta sai da na sha wahala.

Ni malamin makaranta ne, abin da na iya a mota bai wuce canza fulogi da baƙin mai ba, saboda haka na nemi wani dattijon bakanike da ake kira Baba, da ya yi zamani da Fijo, wanda ƙarfi ya fara ƙare masa amma idonsa da kunnensa na nan garau. Muka shirya zai riƙa zuwa gida ranar Asabar yana nuna mini, ni kuma ina riƙe da sifana. Ranar farko da ya ga na sayo sabon batir, sai ya ce: "Malam, ajiye shi tukuna. Injin da ya yi wannan dogon barci, idan ka tashe shi da makulli, zobban fistin za ka karya." Muka zaro fulogi huɗu daga dogayen ramukan da suke zaune a ciki ta saman murfin injin, muka ɗura baƙin mai gauraye da kananzir a kowace silinda, muka bar shi mako guda. Bayan haka ne muka kama babban notin gaban injin da sifana muna juyawa a hankali, har ya saki. Tankin mai kuwa da muka sauke, tsohon fetur ya daskare a ƙasansa kamar danƙo, kuma shi ne ya toshe bututun mai da ƙananan ramukan kafireta.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi na tafka shi ne wani yammaci da Baba bai zo ba. Mun riga mun cire kan injin, wanda makanikai ke kira tof silinda, sai na ce bari in juya injin in ga yadda fistin ke hawa da sauka. Ban san cewa silindar wannan injin mai cc 1971 ba a jikin bulok aka fafe ta ba. Kowace silinda bututun ƙarfe ce mai zaman kanta, wato silif, da ake zura ta ruwan sanyaya inji na kewaya ta, kuma kan injin ne ke danne ta a mazauninta. Da na juya, fistin ya ɗago silif biyu, siririn abin toshewar da ke ƙarƙashinsu ya yage. Da mun mayar da kai a haka, da ruwa ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai har ya cinye injin. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai nuna mini yadda ake danne silif da faffaɗan washa da noti da zarar an cire kai, sannan muka sauke injin gaba ɗaya, aikin da ban yi niyyarsa ba, wanda ya ƙara mana wata biyu.

Daga nan aka shiga neman kaya, kuma shi ne ya cinye mafi yawan wata 19 da aikin ya ɗauka. Na taka Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na kuma gane cewa kayan Fijo iri uku ne a hannun 'yan kasuwa. Akwai tsohon ajiya na asali da bai taɓa aiki ba, wanda yakan fito daga can ƙuryar shago cikin kwali mai ƙura, akwai na hannu da aka kwance daga wata motar, akwai kuma sabon shigowa mai ƙyalli da rahusa, wanda a cikinsa ake samun mai kyau ake samun jabu. Na taɓa sayen famfon ruwa irin wannan a wani shago da ba zan faɗi inda yake ba, kwalinsa har da hoton zaki, amma bai cika mako uku ba ya fara yoyo. Da na ɗora shi a hannu ɗaya, tsohon na motar a ɗaya hannun, sai na ji bambancin nauyinsu a fili. Tun daga ranar ban sake zuwa kasuwa hannu rabbana ba. Duk abin da nake nema, tsohonsa na cikin jakata, in jera su a kan teburin mai shago, in gwada ramukan noti, in auna tsawo da kauri. Na kuma daina zubar da komai, ko ya lalace, sai na sa shi a leda na rubuta sunansa da gefen da ya fito.

Wannan ɗabi'a ta cece ni daga wani ruɗani, domin kalmar "na Fijo ne" a bakin mai sayarwa tana da faɗi ƙwarai. Yawancin kayan injin 505 ta farko suna shiga tawa, tunda injin iri ɗaya ne, kuma ta nan na samu silif da fistin da zobba masu kyau. Amma kayan ƙafar baya na doguwar Fijo ta haya da na a-kori-kura sun bambanta da na ƙaramar, ko da sun yi kama a ido. Hatta ƙarfen taya, ramukansa huɗu suna kan da'irar milimita 140, shi ya sa na motocin Japan da suka cika gari ba ya hawa.

Abubuwan da suka fi wuya su ne waɗanda ba su hana mota tafiya, don haka babu wanda ya damu da ajiye su: fitilun gaba masu siffar nan da ake gane 504 da ita tun daga nesa, jajayen murafan fitilun baya, robar da ke kewaye gilashi, da hannayen ƙofa. Na duba ta intanet na ga masu sayar da su a Faransa, inda kamfanin ke da gidan adana tsofaffin motocinsa a Sochaux, amma da na juya farashin Yuro zuwa Naira na haɗa da kuɗin aikowa, sai na haƙura da komai in ban da robar gilashi, wadda ta hannu ba ta da amfani tunda rana ta riga ta busar da ita. Fitilun gaba a Maraɗi wani ɗan'uwanmu ya samo mini. Da farko mun kasa fahimtar juna a waya, domin sunayen kayan mota a wajensu daga Faransanci aka aro su, namu kuma daga Turanci, sai da na tura masa hotuna da awo. Sauran ƙananan kaya kuwa, na sayi wata matacciyar 504 da aka yasar a wani gareji, na kwashe abin da nake so na sayar da gangar jikin. A ganina wannan ce dabara mafi riba da na yi, kuma da na yi ta tun farko da na rage rabin zirga-zirgar.

Aikin bodi bai ba ni wahala sosai ba, saboda busasshiyar iskarmu ta yi wa ƙarfen adalci. Tsatsa ta ci ƙasan but da gindin ƙofofi biyu inda ruwan sama ke kwanciya, mai walda ya yanke ya dasa sabon ƙarfe, na kuma hana shi cike ramin da ƙullin da ake shafawa kafin fenti. Na ƙi yarda a yi fentin sai da aka gama burki, aka canza duk robobinsa da bututunsa, aka kuma bi wayoyin da ɓeraye suka tauna ɗaya bayan ɗaya.

Wuri ɗaya ne muka saɓa da Baba. Shi yana kan al'adar makanikanmu ta cire na'urar da ke tsare ruwa har injin ya ɗau zafi, wai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Ni kuwa na karanta a littafin motar, wanda na tarar a akwatin gaba da rubutun mahaifina a bangonsa, cewa injin da ke aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin lalacewa. Na ce: "Baba, a yi mini haƙuri a bar ta, idan ta yi zafi laifina ne." Muka wanke lagireto sosai muka mayar da na'urar, kuma har yau allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.

Ranar da ta tashi, sai a murzawa ta huɗu injin ya kama, ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, sannan ya daidaita. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ta gane ƙarar tun kafin a gaya mata. Bayan na sabunta takardu, tafiyar farko da muka yi ita ce daga Zariya zuwa Kaduna da dawowa, Baba na gefena yana sauraron injin, ita kuma tana baya a wurin da ta saba zama. Agogon gaban motar ne kaɗai har yanzu ba ya aiki, tsohon yana cikin jakata, kuma ranar Asabar mai zuwa zan koma Kano in gwada shi da wani da aka ce an gani.