Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na sauka lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, jiya Asabar aka raɗa wa 'yarmu suna a gidanmu da ke Gwammaja, Kano. Waɗanda suka zo barka, da waɗanda suka cika gida ranar suna, da masu kiran waya daga nesa, Allah ya bar zumunci, ya ba kowa ladansa.

Amma akwai mutanen da sai na ware su, domin wannan cikin ya zo mini da wuya. Tun awon farko aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid, na sha na mako biyu na jefa su cikin durowa. Suna tayar mini da zuciya, bayan gidana ya koma baƙi, ga kuma maganar da ake yi a gidajen biki cewa suna sa ɗa ya yi ƙato har sai an yi wa mace aiki. Na yarda da wannan magana, kuma ta cuce ni. A wata na shida jiri ya kayar da ni a bakin murhu. Da aka auna, jinina ya sauka zuwa kashi 24, alhali ana so na mai ciki kada ya gaza 33.

Godiyata ta farko ga malamar asibitin da ke duba mu ranar awo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Ƙanwata, baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ne. Abin tsoro shi ne ki shiga naƙuda ba jini." Ita ta koya mini in riƙa shan maganin bayan na ci abinci, in haɗa da lemo ko gwaiba, in nisanta shi da shayi domin shayi yana hana jiki ɗaukarsa. Ta kuma ce folik asid ɗin, maikirogiram 400 a kullum, kamata ya yi mace ta fara shi tun kafin ta samu ciki, saboda ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri suna haɗuwa ne a makonni huɗu na farko. Haihuwata ta uku ke nan, wallahi ban taɓa jin haka ba, kuma ina so kowace amarya ta ji.

Sai Hajiya, surukata. Da kanta ta ƙwace farar ƙasar da nake ci a ɓoye, ta ɗauki girkina wata uku cur: kwaɗon zogale, faten wake da alayyahu, miyar kuka da busasshen kifi, dafaffen ƙwai da safe. Hajiya, Allah ya saka da Aljanna.

Maigida ya sha zirga-zirga tsakanin kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo, kuma bai taɓa barin in tsallake awo ba. Abokansa biyu sun ba da jini tun kafin ranar haihuwa, aka ƙara mini leda ɗaya bayan na sauka. Ban san da wane baki zan gode muku ba.

Wanda ya zo bai samu kulawar da ta dace ba, a yi mana afuwa, hidima ce ta yi yawa. Ni da jaririya muna lafiya, ina ci gaba da shan maganina kamar yadda aka ce, sai mun koma asibiti a mako na shida. A ci gaba da sa mu a addu'a.