Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Umma

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya da la'asar Umma ta taka da ƙafarta daga ɗakinta har bakin rijiyar tsakar gida, tana dogara sanda, babu wanda ya riƙe ta. Wata biyar ke nan tun ranar da muka fitar da ita daga gidan nan ranga-ranga. Shi ya sa na ce yau ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan a madadina da ƙannena, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Da asuba abin ya faru. Ta ɗauki buta za ta yi alwala, butar ta suɓuce daga hannunta na dama, baki ya karkace, tana son magana harshe ya ƙi. Mama, abokiyar zamanta, ita ta fara gani ta saka salati. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, wani na cewa iska ce ta buge ta, wata na cewa a kawo garwashi a yi hayaƙi, a bari gari ya waye. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu bai saurari kowa ba, ya kawo kekensa ƙofar gida ya ce a sako ta. Malam, ban san da wane baki zan gode maka ba. Daga baya likita ya gaya mana cewa a shanyewar ɓarin jiki duk sa'ar da aka ɓata a gida ƙwaƙwalwa ce ke ƙara lalacewa.

Da aka auna jininta ya kai 210/120, alhali na mai lafiya kusan 120/80 ne, kuma daga 140/90 ake kiransa hawan jini. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu, wanda shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama, kuma a mafi yawan mutane can magana take. Ashe Umma ta daɗe da ajiye maganinta saboda ba ta jin ciwon komai, mu kuma ba mu bibiya ba. Wannan sakacin namu ne, na faɗe shi a fili ne don mai tsohuwa ko tsoho a gida ya je ya duba kwalin maganinsu yau.

Kwana 23 muka yi a asibiti. Ma'aikatan jinya suka koya mana juya ta duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi mata gyambo, da yadda ake ɗura mata kunu ta robar hanci, tunda haɗiya ta gagara kuma ana tsoron kada abinci ya bi ta huhu. Allah ya saka musu da alheri, su da likitoci da masu shara da suke mana sannu tun duku-duku. Ranar da aka yarda a gwada ba ta ruwa cokali ɗaya, dukanmu muka zagaye gadon muna kallon maƙogwaronta. Da ya wuce lafiya sai na ji hawaye na zubo mini. Na haura shekara arba'in ina kwankwaɗar ruwa, ban taɓa ce wa Allah na gode da haɗiya ba.

A dare na tara, Mama na sallar isha'i a kan tabarma gefen gado, tana karatu a bayyane kaɗan-kaɗan. Sai muka ga leɓen Umma na motsi. Matar da ba ta iya cewa "ruwa", ba ta iya kiran sunan kowa, ta bi Fatiha tun daga farko har ƙarshe. Muryar a shaƙe, amma kalmomin sun fita. Da safe na tambayi likita, ya ce hakan na faruwa: abin da mutum ya haddace tun ƙuruciya ya yi ta maimaitawa yakan fito ko da magana ta ɗauke, wasu ƙirga ɗaya zuwa goma suke iyawa, wasu waƙa. Na yarda da bayaninsa ɗari bisa ɗari. Na kuma zauna ina lissafi, raka'a 17 na farilla kowace rana, fiye da shekara hamsin, ban da nafilfilinta na dare. Abin da harshenta ya fi sabawa da shi ne ya rage mata. Tun daga ranar nake tambayar kaina me zai rage a nawa harshen.

Limamin unguwarmu ya zo dubiya ya tarar tana kuka saboda ba ta iya tsayuwa salla. Ya tuna mata abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Imrana ɗan Husaini, cewa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa. Ya sa aka samo dutse mai tsafta muka riƙa taimaka mata ta yi taimama. Allah ya gafarta malam, ranar ta yi barcin da ba ta yi ba tunda muka zo.

Mama, ke kam sai dai addu'a. Mutane na faɗin abin da suke faɗa game da kishiya, ni dai na ga wadda ta kwana 23 a ƙasan siminti, ta wanke abokiyar zamanta, ta canza mata zane, ta kore mu daga ɗakin don kada a ga tsiraicinta. Ko sau ɗaya ban ga kin yamutsa fuska ba. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Maiɗakina da ƙanwata da ta baro gidanta a Zariya da goyo, Allah ya ba ku ladan jinya. Kawu da Gwaggo, abokaina na Kantin Kwari da suka haɗa kuɗin hoto da magani ba tare da na buɗe baki ba, matan Islamiyyarsu Umma da suka yi ta aiko da fulas ɗin kunu, da duk wanda ya bugo waya ya ce ya mai jiki, mun gode ƙwarai.

Akwai wata baiwar Allah daga ƙauye da muka yi zaman baranda tare, tana jinyar mijinta. Ba ta da komai, amma ba ta taɓa buɗe kwanon tuwonta ba ta ce mu sa hannu ba. Mijin ya rasu a mako na biyu. Ko sunan garinsu ban riƙe ba. Ku taya ni yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri da mafita.

Har yanzu da sauran aiki. Hannun dama bai gama saki ba, muna zuwa gashi sau biyu a mako, kuma masu gashin sun yi haƙuri da mu matuƙa. Muna roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a.

Maganar ma tana dawowa sannu a hankali. Ni ne ɗan fari, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba saboda alkunya. Makon jiya muna zaune gabanta, ta riƙa nuna ƙannena ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunayensu, tana tsayawa tana numfashi. Da ta zo kaina sai ta kawar da kai gefe, ta ja mayafinta, ta ce, "Wannan kuma kun san shi." Mama ta yi kabbara. Ni kuwa na tashi na fita zaure, na fuskanci alƙibla na yi sujada.