Godiya ga duk wanda ya kama mana da ruwa ya shiga biro

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi masu binciken takardun ma'aikatarmu da suka zo daga Yamai sun gama sun koma, kuma duk dosiyen da suka ce a fiddo an fiddo, ko ɗaya ba a ce ya ɓata ba. Tun damina nake son yin wannan godiya amma na ce bari dai in ga ƙarshen abin tukuna.

Ga wanda bai sani ba, ni ce sakatariya a wata ƙaramar ma'aikatar ajiya da ba da rance nan cikin Maradi. Kowa ya san abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi a garin nan, gidaje sun faɗi, an rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, har komawa lakol sai da gwamnati ta ɗaga zuwa 28 ga Oktoba. Namu bai kai a yi kuka da shi ba in an duba na wasu. Amma ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin ajiyar takardu, kwalayen da ke ƙasa duk suka sha, kuma wannan ɗakin makullinsa a hannuna yake.

Mutane na ganin aikin sakatariya ai fotokofi ne da amsa waya da buga kashe, wato hatimi. To kuɗi dai suna kes, lissafi yana kwamfuta, amma hujjar cewa wance ta karɓi jaka ɗari biyu da sharaɗin za ta biya bayan kaka, tana cikin dosiye: kofin katin ɗan ƙasa, hoto, yarjejeniya, sa hannun mai tsaya mata, wani lokaci har takardar fili ta asali da mutum ya ba da jingina. Dokar OHADA ma, wato dokar kasuwanci da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, ta ce takardun lissafi sai an ajiye su shekara 10, ba ka isa ka ce wa mai bincike ruwa ya ci ba.

Na farko Baba mai gadi. Tsohon nan cikin dare, ba wuta, da tocila a baki ya riƙa toshe ƙofa da buhunan yashi, ya yi ta kiran shef har rezo ya kama. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar ƙafar nan.

Sai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana aikin ajiyar takardu kafin ya yi ritaya. Ya iske samari za su baza komai a rana, ya ce kul! Rana tana nannaɗe takarda ta kuma kashe tawada, a inuwa ake shanyawa ƙarƙashin fanka. Shi ya nuna mana a fara cire ƙarafan maƙala takarda kafin su yi tsatsa, a ɗaga shafi ɗaya-ɗaya da bakin rula, a sa farar takarda tsakani ana canzawa, kuma kada wanda ya kuskura ya kai dutsen guga kan rasit ɗin inji don baƙi ƙirin zai koma. Rubutun alƙalamin biro bai yi komai ba, amma shuɗin kashe da dangwalen yatsa sun narke, wani wurin sai ka ga tabo kawai kamar an ɗiga shuni. Wallahi wannan ilmin ba a koya mana shi a makarantar sakatariya ba, kuma ya kamata a ce ana koyarwa.

Waɗanda suka fi ba ni kunya su ne mata ƴan ƙungiyar asusu. Dole aka nemi su dawo su sake dangwalawa, a lokacin da wasu ɗakinsu ne ya faɗi, gona kuma na jira. Daga Tibiri, Jiratawa, Safo, har Madarunfa suka zo da goyo, wasu a kabu-kabu cikin laka. Babu wadda ta ce tunda yatsana ya goge ba a bi na bashi. Wata uwa ma da na karanta mata adadin ta ce a'a ƴata, duba da kyau, saura biya biyu ba ɗaya ba, muka duba kwamfuta kuwa haka ne, wani shafi ne ya manne. Ba banza ba tsarin asusun mata na Mata Masu Dubara a wannan jihar ya fara a 1991. Iyayena na gode, Allah ya sa albarka a nema.

Abokan aiki, masu kes da masu bin rance da direba, na gode, kun bar Asabar da Lahadinku kuna zaune a tabarma kuna jera shafuka. Yaron da ke gyara mana kwamfuta ya ɗauki hoton kowace takarda da inji yana fama da ɗaukewar wuta, gurup na ci mana mai. Shef, na gode da ba ki tsaya neman mai laifi ba, kika sa aka ƙera kantoci masu tsayi, yanzu ba kwali ko ɗaya a ƙasa. Mai shayin ƙofar biro ma ya ƙi karɓar kuɗin rabin abin da muka sha.

A gida kuma, Inna da ta riƙe min yara, da Maigida da ya yi ta zuwa ɗaukata bayan isha bai taɓa ɓata rai ba, ban da abin biyanku sai addu'a.

Wanda na manta ya yafe min, kai ne ya ɗauki zafi. Kuma dan Allah duk wanda karnensa, wato littafinsa na ajiya, ya jiƙe a gida kada ya jefar, ya zo da shi a haka tare da katinsa, za a sake masa wani. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.