Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lissafin Tsakar Dare

Makon jiya na tsaya a inda sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ran 26 ga Yulin 2023. Kwanaki kaɗan bayan nan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ni kuwa duk abincina a kan hanyar nan yake: Maraɗi, Ɗan Issa, Jibiya, Katsina, sai Kantin Kwari a Kano, inda nake saro atamfa da leshi. Na ga rufewar 2019, amma lokacin maigidana yana da rai, ba ni ke riƙe da gida ba.

Da rana ba wanda zai ce akwai abin da ke damuna. Dare ne abokin gabata. Da an gama sallar lisha, ga duhu ga sauro, sai lissafi ya taso: bashin jikka tamanin da ke kaina, zubin adashi, kuɗin lakwal ɗin yara da za a nema a Oktoba. In na gama sai in koma farko, kamar mai jan carbi. Daga nan in ɗauki waya in yi ta sauraren muryoyin WhatsApp, wannan ya ce gobe za a kawo yaƙi, wancan ya rantse ya ga sojoji a bakin iyaka (har yau ban san wa ke ɗaukar waɗannan muryoyin ba, Allah ya shirye su). Ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, tafin hannuna na zufa. Har asibiti na je, na ɗauka zuciya ce. Aka auna tansiyon, ma'aikaciyar ta ce lafiya lau, tunani ne ya yi mini yawa, in rage shayi da dare, in kuma ya ci gaba in dawo.

Wani dare Inna ta fito alwala ta iske ni zaune kan turmi.

"Ke ɗiyar nan, mi kike ƙirgawa?"

Na zayyana mata duka. Ta saurara har na ƙare, sannan ta ce, "To, cikinsu wanne za ki biya kafin asuba?"

Na ce babu.

"Akwai hatsin gobe?"

Na ce akwai, Inna.

Ta miƙo hannu, na ba ta wayar, ta ƙulle ta a bakin zanenta kamar goro. Ta sa na yi alwala, muka zauna kan tabarma. Ta ce in ja numfashi a hankali, in sake shi da Hasbunallahu wa ni'imal wakil, kada in yi gaggawa. Ban san sau nawa na faɗa ba. Kiran assalatu ne ya tashe ni, kaina bisa cinyarta, ni mai 'ya'ya huɗu.

Fargabar ba ta tafi ba, kada in yi muku ƙarya, don sai Maris ɗin 2024 aka buɗe iyaka. Amma na mai da lissafi aikin hantsi: in rubuta shi a littafin bashi, in rufe. Waya kuma tana kwana ɗakin Inna. A irin wannan zaman hantsin ne na lura da tukunyar ƙosan marigayiya kakata a jingine bayan rumbu. Yadda na fara suya a ƙofar gida, da abin da dangin mijina suka ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.